Tallar aikin hoto ta gajeren bidiyo

Tallar aikin hoto ta gajeren bidiyo hanya ce da masu ɗaukar hoto ke bi wajen neman abokan ciniki a garin da suke zaune, ta ɗora bidiyo mai tsawon 'yan daƙiƙoƙi zuwa minti ɗaya ko biyu a manhajoji irin su TikTok, Instagram, Facebook, YouTube da WhatsApp. Irin wannan bidiyo a tsaye ake ɗaukarsa, yadda ake riƙe waya, bisa ma'aunin 9:16, galibi ɗigo 1080 a faɗi da 1920 a tsayi. Abin da ya raba ta da tallar atamfa ko turare shi ne hajar mai hoto ba ta aikuwa ta tasha. Shi da kyamararsa ne za su je wurin biki ko suna, ko kuwa mutum ya tako zuwa situdiyonsa. Don haka dubban masu kallo daga wata ƙasa ba su kai masa amfanin 'yan ɗaruruwan da ke iya hawa adaidaita su iso ƙofar shagonsa ba.

Asali

Manhajar Vine, mallakar Twitter, tana cikin waɗanda suka fara yayata gajeren bidiyo a 2013, da iyakar daƙiƙa 6, kafin a rufe ta a farkon 2017. Kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya fitar da manhajar Douyin don cikin gida a 2016, ya fitar da TikTok don sauran duniya a 2017, sannan ya sayi manhajar gajeren bidiyo ta Musical.ly, daga baya ya haɗe ta da TikTok a watan Agustan 2018. Bayan Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, Instagram ta ƙaddamar da nata sashen gajeren bidiyo mai suna Reels a watan Agusta, YouTube kuma ta fara gwajin nata mai suna Shorts a Indiya a watan Satumba na wannan shekara. Facebook ta buɗe nata Reels ga duniya a farkon 2022.

Canjin da ya fi taɓa masu hoto shi ne na Instagram. Tun kafuwarta a 2010 ita ce rumfar baje kolinsu. A tsakiyar 2021 shugabanta Adam Mosseri ya bayyana cewa manhajar ta wuce matsayin wurin ɗora hoto kawai, za ta ƙara karkata ga bidiyo. Daga nan masu sana'ar da ba ta da motsi suka ga dole su koyi nuna ta da motsi da murya.

Yadda bidiyo ke isa ga mutanen gari

A 2020 TikTok ta yi bayanin abubuwan da take dubawa kafin ta kai wa mutum bidiyo: abin da ya saba kallo da so da turawa, bayanan da ke jikin bidiyon kamar rubutu da sauti da kalmomin da aka sa wa alamar #, sai saitin wayarsa kamar harshe da ƙasa. Ta ce kallon bidiyo har ƙarshe alama ce mai nauyi, ta kuma ce yawan mabiya ba ya cikin abin da take aunawa kai tsaye. Wannan albishir ne ga sabon mai hoto, amma da sauran rina a kaba, domin manhajar ba ta ɗauki alkawarin kai bidiyon ga 'yan unguwarsa ba. Shi zai faɗa mata inda yake.

Masu hoton da suka gane haka suna ambaton garinsu tun a daƙiƙoƙin farko, da baki da kuma rubutu a kan bidiyon, su maƙala wurin a taswira, su sa sunan gari a bayanin shafinsu. Mai neman wanda zai ɗauki bikin 'yarsa yakan rubuta "mai hoto a Zariya" ko "mai hoton biki Kaduna" ne a wurin bincike, don haka waɗannan kalmomi na yau da kullum sun fi sunan situdiyo mai ƙayatarwa amfani. Magana da Hausa ma tana tace masu kallo. Haka nan nuna wurin da ɗan gari zai gane nan take, kamar Dutsen Dala, marinar Ƙofar Mata, Gobarau a Katsina ko masallacin Agadas. Wanda ke da ɗan kuɗin talla kuwa, Facebook da Instagram suna ba shi damar zaɓar gari, har da tazarar kilomitocin da yake son tallar ta tsaya a cikinsu.

Nau'o'in bidiyon

Mafi yaɗuwa shi ne na bayan fage. Ana kafa waya a gefe tana ɗaukar mai hoto yana gyara fitila, yana nuna wa ango yadda zai riƙe malum-malum, yana durƙusawa don ya samo kusurwa, sai a ƙarshe hoton da ya fito ya bayyana. Wannan nau'i ya fi sauran ƙarfi saboda dalilin da ba a cika faɗa ba. Hoto mai kyau yana nuna gwaninta kawai, shi kuwa bidiyo yana nuna hali. Uwar amarya da za ta shigar da baƙo cikin gidanta ranar kamu tana son ganin yadda yake magana da manya, yadda yake lallashin yaron da ya ƙi tsayawa, ko yana da tsafta da kunya. Gani ya kori ji, kuma daƙiƙa talatin na irin wannan bidiyo sukan amsa abin da ba za ta iya tambayarsa a waya ba.

Akwai na kafin gyara da bayan gyara, inda ake nuna hoto yadda ya fito daga kyamara sannan yadda ya koma bayan an tace shi a kwamfuta. Yana jan ido, sai dai idan aka wuce gona da iri wajen haskaka fata da goge fuska har mutum bai gane kansa ba, yakan kori masu hankali, kuma yana tozarta wanda aka nuna "kafin" ɗinsa. Akwai na miƙa aiki, inda ma'aurata ke buɗe albam ko firem a karon farko. Akwai na koyarwa: yadda ake tsayawa, launin kayan da ke fita da kyau da yamma, abin da ya sa hoton ƙarfe biyar ya fi na tsakar rana. Sai na amsa tambayoyin da kowa ke jin nauyin yi, wato nawa ne, hoto nawa ake bayarwa, yaushe ake karɓa, nawa ne kafin alƙalami. Masu hoto sun rabu kan bayyana farashi a fili, amma faɗin inda kuɗin ke farawa yana rage saƙonnin da ba sa kai wa ga ciniki.

Haɗin gwiwa da sauran masu hidimar biki ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin amarya ta nemi mai hoto, sau da yawa ta riga ta san mai kwalliyarta, mai lallenta da telanta, kuma mabiyan waɗannan kusan duk 'yan garin ne. Tun 2021 Instagram ta samar da hanyar da bidiyo ɗaya zai fito a shafin mutum biyu lokaci guda. Mai hoton da ya ɗauki aikin mai lalle da kyau ya ba ta, ya shiga gidajen da tallar kuɗi ba za ta kai shi ba.

A ƙasar Hausa

Aikin hoto a nan yana bin kalanda. Bukukuwa sukan yi yawa kafin azumi, bayan Sallah da ƙarshen shekara. Tsakani akwai suna, walimar saukar Alƙur'ani, yaye ɗalibai, naɗin sarauta da hawan Sallah. Hawan Kano ma ya shiga jerin al'adun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a watan Disamban 2024. Tun da ana kama mai hoto makonni kafin ranar, bidiyon da ya fito cikin watan Rajab ya fi wanda ya fito ana gobe azumi kawo aiki.

Yawancin ciniki ba a TikTok yake ƙarewa ba, a WhatsApp ne. Sitatus na WhatsApp, wanda aka fito da shi a 2017 kuma yake ɓacewa bayan awa 24, masu lambar mutum ne kaɗai ke ganinsa: tsofaffin abokan ciniki, dangi, maƙwabta. Su ne ke tura bidiyo cikin rukunin dangi ko na ƙawayen amarya suna cewa shi ya yi mana namu. Shi ya sa ake sa lambar waya da sunan unguwa a jikin bidiyon kansa, domin idan aka sauke shi aka tura, rubutun da ke ƙasansa ba ya bin sa. Wannan kuma yana hana wani ɗauka ya ce aikinsa ne. Mata masu hoto suna da gata na musamman, saboda gidaje da yawa sun fi son mace ta shiga wurin sa lalle da yinin biki, kuma bidiyon da aka ji muryarta ko aka ga hannunta a kan kyamara ya isa sanarwa.

Izini da haƙƙi

Nan ne sana'ar ta fi bukatar taka-tsantsan. Wanda ya biya a ɗauke shi hoto bai ba da izinin a yi talla da fuskarsa ba. Izini biyu ne daban. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta sanya amincewar mutum cikin sharuɗɗan amfani da bayanansa, kuma game da yara iyaye ko masu riƙonsu ake nema. Ko ba doka, bidiyon matar aure tana rawa cikin ƙawayenta da ya fita ba da sanin gidanta ba yana iya tayar da rikicin da ba ya gyaruwa, kuma a gari irin namu labarin mai hoton da ya yi haka yana riga tallarsa isa kowane gida. Hoton kafin aure ma har yanzu ana ja-in-ja a kansa tsakanin iyaye, malamai da matasa. Masu lura sukan nemi izini a rubuce ko da saƙon murya ne da za a ajiye, su bari sai iyali sun fara ganin hotunansu, ko su nuna lalle, zobe, ɗinki da adon ɗaki ba tare da fuska ba.

Kiɗa ma yana da mai shi. TikTok ta keɓe wa shafukan kasuwanci rumbun sautukan da aka yarje a yi talla da su, Instagram ma takan taƙaita waƙoƙin da shafin kasuwanci zai iya ɗauka, kuma ana iya kashe sautin bidiyon da ya saɓa. Da yawa sukan kauce wa wannan da muryarsu, ko da sautin wurin kansa, guɗa da ƙarar kyamara.

Auna sakamako

Manhajojin suna nuna wa mai shafin sana'a yawan masu kallo, inda suka daina kallo, da ƙasashe ko garuruwan da mabiyansa suke. Ga mai hoto, sashen garuruwa ne abin dubawa, sai yawan waɗanda suka ajiye bidiyon ko suka tura wa wani, sai saƙonnin da suka shigo. Wasu situdiyoyin kan tambayi duk wanda ya zo inda ya gan su, su rubuta amsar a littafin da suke rubuta kafin alƙalami, su kwatanta a ƙarshen wata.