Kwamfuta a ofishin ɗaukar ɗalibai: me ya haɗa ta da ilimin halayyar ɗan Adam?

Wane aiki kwamfuta ke yi a ofishin?

Yawancinsa aikin wahala ne da ba wanda ke kewarsa: karɓar takardun neman gurbi ta intanet, duba ko sakamakon jarrabawa ya cika sharaɗi, tura saƙon amsa. Inda ake kai ruwa rana shi ne idan aka ce manhaja ta ba kowane mai nema maki, ta jera su daga sama zuwa ƙasa.

To me ya kai jami'in ofis ga binciken halayyar jama'a?

Ai ɗaukar ɗalibi hukunci ne da mutum ke yanke wa mutum. Malamin da ya duba takarda da safe, in aka sake miƙa masa ita da yamma bayan ya gaji, ba lallai ya ba ta maki ɗaya ba. A 1971 Robyn Dawes, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya nazarci masu neman digiri na gaba a sashen ilimin halayya na Jami'ar Oregon a Amurka. Ya haɗa abu uku kacal: makin GRE (jarrabawar da masu neman digiri na gaba ke yi a Amurka), sakamakon digirin farko, da darajar jami'ar da mutum ya fito. Wannan ɗan lissafi ya fi kwamitin malamai iya hasashen wanda zai yi ƙwazo daga baya.

Ke nan a sakar wa kwamfuta ragama?

A'a. A Makarantar Likitanci ta St George's da ke Landan an rubuta manhaja a ƙarshen shekarun 1970 don ta kwaikwayi yadda malamai ke zaɓen waɗanda za a kira ganawa. Ta kuwa kwaikwaye su sarai, har da son ransu. Tana rage wa mata maki, tana rage wa duk wanda sunansa bai yi kama da na Turawa ba. Aka yi shekaru ana amfani da ita, sai a 1986 wasu malaman makarantar biyu suka tona asirin. Hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta samu makarantar da laifi a 1988, kuma an ƙiyasta kusan mutum 60 ake hana wa ganawa duk shekara. Abin lura, ba manhajar ce ta ƙirƙiro wariyar ba. Ta dai rubuta ta ne a inda za a iya karantawa, shi ya sa ma aka kama.

Wannan ba tsohon zance ba ne?

Ina fa. Sashen kwamfuta na Jami'ar Texas a Austin ya yi amfani da manhajar GRADE wajen tace masu neman digirin digirgir daga 2013, ya ajiye ta a 2020. Ita ma daga tsofaffin hukunce-hukuncen kwamiti aka koya mata.

Me ake so mai wannan aiki ya iya?

Ƙididdiga da tsara bayanai, sannan ya san tambayar da zai yi wa kowace manhaja: daga hukuncin su wa aka koya mata? Kuma duk shekara ya ware sakamakon ta jinsi da yankin da ɗalibai suka fito, ya ga su wa ake zubarwa tun a zagayen farko.