Tulun Aure na Ƴan Asalin Amurka

Tulun aure tulu ne na yumɓu mai baki biyu, da mariƙi guda da ya haɗa bakunan ta sama. An san shi a wurin al'ummun Pueblo na jihar New Mexico, irin su Santa Clara, San Ildefonso, Acoma da Jemez, da kuma Hopi da Navajo, duk a kudu maso yammacin Amurka.

Ma'anarsa a jikinsa take. Baki ɗaya na ango ne, ɗaya na amarya, amma cikin tulun guda ne, ruwan da za su sha ma guda ne. Mariƙin kuwa shi ne igiyar auren. A al'adar da aka fi ba da labari, iyayen ango ne ke gina tulun. Ranar biki amarya ta sha ta baki ɗaya, ango ya sha ta ɗayan, kuma ana cewa idan suka sha tare ba a zubar da ko ɗigo ba, zamansu zai daɗe.

Ginin tulun ya fi komai burgewa. Da hannu ake yin sa, kuma galibi mata ne magina. Maginiya takan murza yumɓu kamar igiya, ta yi ta ɗora shi zobe kan zobe, ta kankare da sakaina, sannan ta goge da dutse mai santsi, wanda sau da yawa gado ne daga uwa ko kaka. Wuyan biyu da mariƙin su ne wurin wahala, domin nan ne tulu ya fi saurin tsagewa. A Santa Clara da San Ildefonso akan rufe wutar gashi da busasshen kashin dabbobi, hayaƙi ya mayar da tulun baƙi wuluk mai sheƙi. Maria Martinez, wadda ta rasu a 1980, ta yi suna da irin wannan baƙin gini. Magina na Acoma sun fi son farar ƙasa da zane siriri, na Navajo kuma su shafe nasu da ƙaron itace.

Bayan jirgin ƙasa ya isa New Mexico wajen 1880, masu yawon buɗe ido suka fara saye, tulun ya zama kayan kasuwa, jabu kuma suka yawaita. Dokar tarayya ta 1990 ta haramta sayar da kayan hannu da sunan ƴan asalin ƙasar idan ba su ne suka yi ba.