Musu da wanda bai san zancen ba: yaya ake yi?

A fadarmu ta hira a Sabon Gari akwai mai rantsuwa cewa cin tumu ne ke kawo masassarar damina. Ta ina zan fara da shi?

Fara da inda yake da gaskiya. Lokacin da gero ke nuna ake gasa tumu, wajen Satumba, shi ne lokacin da palu, wato maleriya, ke kwantar da mutane a Damagaram. Abin da ya gani da idonsa daidai ne, wurin dalili ne ya kuskure. Faɗa masa haka a fili. Sannan ka jefa masa tambaya guda: jaririn wata huɗu da bai san komai ba sai nonon uwa, wane tumu ya ci har ya kamu? Ka yi shiru, ka bar shi ya juya ta. Sai ya tambaye ka sannan ka kawo bayani: macen sauro ce ke cizo da dare, tana ƙyanƙyashewa a ruwan da ya kwanta, kuma galibi ciwon ba ya fitowa sai bayan kwana 10 zuwa 15 da cizon. Wannan tazara ita ke rikita mutane. Mutum ya manta cizon, amma yana tuna abin da ya ci jiya.

Na kawo hujja ƙarara, amma sai ƙara taurin kai yake. Me ya sa?

Mutane goma na zaune a tabarma suna kallonsa. A nan mutuncinsa yake karewa, maganar sauro ta daɗe da fita ransa. Kuskuren da masu sani suka fi yi shi ne jera hujja biyar a numfashi ɗaya. Sai ya kama mafi rauni a ciki ya rushe ta, sauran huɗun su bi ta. Hujja ɗaya mai ƙarfi ta isa. Kalmar "jahilci" kuwa kada ta fito bakinka, in ta fito an rufe zancen. Bari a sha shayi na uku a watse, ka taka masa zuwa bakin titi. Abin da ya ƙi ji a gaban jama'a sau da yawa yakan karɓe shi ku biyu.

In dattijo ne fa, ko malami?

Ba a ce wa babba "ba haka ba ne". Ka ce: "Baba, na ji ma'aikatan lafiya na cewa kaza, ko yaya kuka gani?" Ga malami: "Allah ya gafarta Malam, a ƙara mana haske." Ka ajiye maganar a gabansa ba tare da ka rage mata komai ba, shi kuma ka bar masa girmansa. In ya ƙi, nemi sa'ansa da ya fahimci zancen ya je masa.

Ya ce a WhatsApp ya ji.

Wa ya yi maganar, da sunansa da aikinsa? Yaushe, kuma a ina? Muryar da ba ta da mai ita ba hujja ba ce. Ku saurare ta tare, ka tambaye shi da kansa.

Yaushe zan bar musun?

In kun maimaita magana ɗaya sau biyu, ko murya ta fara tashi, tsaya. In kuma an kai inda saninka ya ƙare, ce "wannan ban sani ba". Ƙirƙiro adadi don cin musu yana zubar da gaskiyar da ka riga ka faɗa.

Amma akwai inda ba a jiran kowa ya yarda. Yaro na zafin jiki, yana amai, ya ƙi nono ko ya fara jijjiga, manyan gida kuma na gardamar tumu ne ko iska ce: ɗauke shi zuwa likita a lokacin. Ɗigon jini daga yatsa ake ɗiba, cikin minti 15 zuwa 20 gwajin ya nuna ko palu ne.