Waiwaye: Zafin Da Ake Aunawa A Rufaffen Mazubi

Tulun iskar oksijin da mai walda ya bari a rana a Sabon Gari ya isa misali. Ƙarfen ba ya buɗewa, iskar ba ta da inda za ta, don haka in zafinsa ya tashi daga digiri 27 zuwa 57, matsin ciki zai hau daga ba 150 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) zuwa wajen 165. Da ma'aunin Kelbin ake lissafin, inda digiri 27 da 57 na Salsiyas ke zama 300 da 330, wato ƙarin kashi ɗaya cikin goma. Mai amfani da Salsiyas zai ɗauka matsin ya ninka.

Guillaume Amontons na Faransa ya lura da wannan tun wajen 1702, ko da yake littattafai da yawa na jingina dokar ga Gay-Lussac, wanda aikinsa na 1802 ya fi shafar kumburar iska a matsi ɗaya. Irin wannan ɗumamar a rufaffen mazubi ana kiranta aisokorik, sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa wuri bai canja ba. Amfaninsa ya bayyana sosai bayan 1850, da Clausius ya fito da batun makamashin ciki: tunda iska ba ta tura komai ba, ba ta yi aiki ba, duk zafin da ya shiga ya zauna a ciki.

A kan wannan Berthelot ya gina kalorimitar bam, wato na'urar auna zafin ƙonuwa a rufaffen tulu, wajen 1881, kuma da irinta ake auna makamashin dusa ko ƙuliƙuli a abincin dabbobi har yau. A dunƙule samfur kamar giram ɗaya, a rufe shi a tulun ƙarfe, a ɗura oksijin kusan ba 30, a nutsa tulun cikin ruwan da aka auna, a kunna da siririyar waya. Kafin nan sai an daidaita na'urar da asid na benzoyik, mai ba da kilojul 26.4 a kowane giram. In aka buɗe aka ga baƙin toka, ƙonuwa ba ta cika ba, a sake. Zafin wayar da na asid ɗin da naitirojin ya haifar ma sai an cire su.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe, kuma abin na damunmu, shi ne rubuta sakamakon a matsayin entalfi. Entalfi zafin da ake aunawa ne in matsi bai canja ba, kamar tukunya a buɗe. Don samunsa sai an ƙara ΔnRT, inda Δn ke nufin canjin adadin mol na iska (mol ma'aunin yawan sinadari ne), R lambar iska ce da ba ta canjawa, T kuma zafi a Kelbin. Ga benzoyik Δn ɗin -0.5 ne, gyaran kuwa kusan kilojul 1.2 a kowane mol.