Haƙƙin Unguwa a Kan Ɗan Kasuwa a Tsakanin Hausawan Legas

Haƙƙin unguwa a kan ɗan kasuwa shi ne abin da mai sana'a ke fitarwa daga dukiyarsa, ko lokacinsa, ko alfarmarsa, don amfanin mutanen wurin da yake neman abinci. Wani sashensa farilla ne, kamar zakka. Wani al'ada ce da kunya ke hana a bari. Wani kuma tsari ne na kamfanonin zamani. A wajen Hausawan Legas, garin da tsofaffi har yanzu ke kira Ikko, maganar tana da wani ƙulli: mutum a Agege ko Mile 12 ya tara dukiyarsa, amma in ya ce "gida" Kano ko Sakkwato ko Katsina yake nufi. Saboda haka aka daɗe ana ja-in-ja kan inda alherinsa ya fi cancanta ya sauka.

Asali

Hausawa sun daɗe suna fatauci zuwa bakin teku, amma zamansu ya ƙara kafuwa bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Shanu suna gangarowa kudu, goro yana haurawa arewa, Agege kuwa ta zama babban zangon goro. Daga baya jama'a ta bazu zuwa Obalende, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da mayankar Oko-Oba.

Tsohuwar hanyar taimako a zango ita ce ta fatoma, wato maigidan da ke saukar da fatake. Shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mai saye ya ci bashi. La'ada yake ci, ba aikin Allah-da-Annabi kaɗai yake yi ba, amma gidansa shi ne asibiti da kotu da masaukin duk wanda ya sauko mota bai san kowa ba. Yaron da ya yi masa hidima shekaru, in hankalinsa ya yi, sai a sallame shi da jari, wani lokaci har da aure. Wannan sallama tana cikin mafi ɗorewar taimakon da ɗan kasuwa ke yi, domin wanda aka ba jari gobe shi ma maigidan wasu ne.

Zakka da inda ake raba ta

Zakkar dukiyar ciniki ɗaya bisa arba'in ce, wato kashi 2.5 cikin ɗari, idan ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo a kanta. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu karɓa, ciki har da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Waɗannan biyu kuwa ba sa wuyar samu a Legas.

Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, ta bambanta mai juya kaya kullum da mai ajiye su yana jiran farashi. Na farko yana ƙiyasta kayan shagonsa sau ɗaya a shekara ya fitar, na biyu sai ranar da ya sayar. Abin da ya fi shafar mazauna Legas shi ne hukuncin wuri: a mazhabar, ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a kai ta nesa sai idan mutanen can sun fi buƙata. Masu aikawa gida da wannan togaciya suke kafa hujja, kuma sau da yawa da gaskiyarsu, ganin halin da ƙauyuka ke ciki. Sai dai akwai wanda ke aikawa don a can ne za a ga hannunsa, alhali ɗan dakon da ke sauke masa buhuna yana kwana a kan kwali a bakin rumfarsa.

Abin da ake yi a kasuwa

Yawancin taimakon ba ya shiga takarda. Da azumi, gab da magariba, za a ga an jera robobin kunu da ƙosai da dabino a ƙofar masallacin kasuwa, 'yan dako da masu tura baro da direbobin tirela suna zaune sahu-sahu, galibinsu ba su san wanda ya biya ba. Idan baƙo ya rasu ba dangi, nan take ake zagayawa rumfa-rumfa a haɗa kuɗin likkafani da motar maƙabarta. Haka ake yi wa wanda gobara ta cinye wa kaya, da wanda aka tsare ana neman mai belinsa. A irin wannan, sarkin Hausawan unguwa da shugabannin kasuwa ne kan shiga gaba. Masu ƙarfi kan haƙa rijiyar burtsatse, su biya albashin malaman Islamiyya, ko su bar gida wakafi.

Zama da maƙwabta

Bayan lada, akwai dalilin zaman lafiya. Rikicin Ketu da Mile 12 a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da wanda ya sa gwamnatin jiha ta rufe kasuwar Mile 12 na ɗan lokaci a 2016, duk sun nuna cewa rumfar baƙo ce kan fara ƙonewa. Ɗan kasuwar da famfonsa Bayarabe da Ibo ke ɗiba, wanda ke biyan kuɗin ƙungiyar raya unguwa, yake fitowa sharar kasuwa ta safiyar Alhamis, yake kai gaisuwa fadar Baale, wato mai unguwar Yarabawa, yana da masu faɗa masa gaskiya tun kafin ƙura ta tashi.

Manyan kamfanoni

Attajirai biyu 'yan Kano da hedikwatar kasuwancinsu ke Legas sun mayar da kyauta hukuma mai ofis da ma'aikata. Gidauniyar Aliko Dangote, da aka kafa a 1994, tana aiki kan lafiya da abinci mai gina jiki da ilimi. Abdul Samad Rabiu na kamfanin BUA ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021, da alƙawarin dala miliyan 100 duk shekara. Kamfanin Dangote da Flour Mills da hukumar tashoshin jiragen ruwa sun haɗa kuɗi aka sake gina titin Wharf na Apapa da kankare, aikin da aka fara a 2017. Titin dai motocinsu ne kan gaba wajen binsa, abin da ya sa wasu ke cewa gyaran hanyar kasuwa ne, ba kyauta ba. Mazauna Apapa kuma sun amfana ko ma mene ne sunansa. Tun 2007 jihar na da asusun tsaro da kamfanoni ke zuba wa kuɗi don saya wa jami'ai motoci da kayan aiki.

Matsaloli

Babbar illar taimakon zango ita ce rataye yake a wuyan mutum ɗaya. Alhaji na rasuwa, magada su raba gida, makarantar da ke zaurensa ta watse, burtsatse ya tsaya don ba mai sayen man janareta. Wakafin da aka yi da baki, ba shaida a rubuce, shi ya fi saurin salwanta a gari mai tsadar fili kamar Legas. Don haka wasu ƙungiyoyin kasuwa suka koma yin rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, yadda fili da asusun banki za su kasance da sunan ƙungiya, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku.