Malamin zaure ba zauna-gari-banza ba ne

An daɗe ana cewa malamin zaure ba shi da sana'a, sai zaman jiran sadaka da kuɗin laraba. Wannan magana tana ci mini rai, domin duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san ba haka abin yake ba.

Shiga tsofaffin unguwannin ilimi irin su Kona da Juma ka tambayi dattawa. Za su gaya maka cewa a da malamai da manyan almajiransu su ne ƙashin bayan ɗinkin hannu na babbar riga. Malam na zaune bisa buzu, ɗalibi na biya karatu, shi kuwa allura na hannunsa yana fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo, zanen riga ba ya ba shi wuya. Riga guda takan ci watanni, amma idan ta kammala kuɗinta mai tsoka ne, sarakuna da attajirai ke saye.

Wasu kuma ɗinkin hula suke yi, wasu rubutun Alƙur'ani da hannu. Da damina ta faɗi, sai gona, malam da almajirai gaba ɗaya.

To, daga ina kuskuren ya samo asali? Aikin a zaure ake yinsa, ba a rumfar kasuwa ba. Mai wucewa karatu kawai yake ji, dillali ne ke zuwa ya ɗauki rigar ya kai kasuwa.