Waiwaye: Yadda lakar wuraren gini ta jawo wa manyan kamfanonin gidaje na Amurka biyan tara

A watan Yunin 2008 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, suka sanar da cewa sun sasanta da manyan kamfanonin gina gidaje huɗu: Centex da KB Home da Pulte da Richmond American. Za su biya tarar dala miliyan 4.3 a tsakaninsu. Zargin da ake musu shi ne, a wuraren da suke gina rukunonin gidaje a jihohi 34 da birnin Washington, sun bar ruwan sama yana kwashe laka da dattin gini yana zubawa a magudanai, wani wurin babu takardar izini sam, wani wurin akwai takardar amma ba a kiyaye sharuɗɗanta ba.

Mai karatu zai iya cewa laka kuma har ta zama abin zuwa kotu? Duk wanda ya taɓa ganin yadda yashin magina ke cika lambatun unguwa da damina, har ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane, ya san amsar. A Amurka abin ya fi haka nisa, domin a yawancin garuruwa magudanar ruwan sama daban take da ta bahaya. Ta bahaya tana bi ta matata. Ta ruwan sama kuwa kai tsaye take zuwa rafi, babu mai tace ta. Idan katafila ta kankare ciyawa da itatuwan fili mai eka ɗari, ruwan farko da ya sauka zai kwashi ƙasar nan ya kai ta rafin. Lakar tana binne tsakuwar da kifi ke ƙwai a cikinta, tana tare hasken rana daga tsirran ƙarƙashin ruwa, tana cike madatsu, tana kuma ƙara wa hukumomin ruwan famfo kuɗin tacewa. EPA ta ƙiyasta cewa ƙasar da ke zaizayewa daga filin gini ta kan ninka ta gona sau 10 zuwa 20.

An daɗe kafin doka ta iso wurin. Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, wadda majalisa ta tabbatar duk da cewa Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar naƙi, ta haramta zuba gurɓataccen abu a ruwan ƙasar ta bututu ko kwata ba tare da izini ba. Hankalin kowa a lokacin yana kan masana'antu da matatun bahaya, ga kuma labarin kogin Cuyahoga na Cleveland da ya kama da wuta a 1969 bai gushe a zukata ba. A 1973 EPA ta cire yawancin ruwan sama daga tsarin izinin, tana ganin aikin ya fi ƙarfinta. Ƙungiyar kare muhalli ta NRDC ta kai ƙara, kuma a 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta da hurumin yin wannan togiya. Duk da haka sai da aka yi shekara goma ana jan ƙafa, har majalisa ta gyara dokar a 1987 ta tsara yadda za a shigo da ruwan sama daki-daki. Ƙa'idar 1990 ta ce duk filin gini mai eka biyar zuwa sama sai da izini. Ƙa'idar 1999, wadda ta fara aiki kan ƙananan filaye a 2003, ta sauko da iyakar zuwa eka ɗaya.

Abin da takardar izinin ke nema ba wani abu ne mai wuya ba, kuma wannan shi ya fi ba ni takaici a labarin. A rubuta tsarin yadda za a riƙe ƙasa kafin a taɓa filin. A kewaye gangare da shingen baƙin ƙyalle mai tsayin gwiwa ko ɗan fiye, a binne gindinsa a ƙasa don ruwa ya tsatsa ta jikinsa, laka ta tsaya. A zuba manyan tsakuwa a mashigar filin don tayoyin tifa su kakkaɓe taɓo kafin su hau kwalta. A kare bakin magudana da buhunan tsakuwa. A haƙa rami na musamman inda motar kankare za ta wanke cikinta, domin ruwan siminti yana kashe kifi. Sannan wani ya riƙa zagayawa kowane mako, ko duk mako biyu da kuma bayan ruwa mai ƙarfi, ya rubuta abin da ya gani. Abin da masu bincike suka riƙa tararwa shi ne shinge ya faɗi ya yi makonni a kwance, bakin magudana a buɗe, littafin dubawa babu rubutu.

Da farko EPA fili ɗaya-ɗaya take bi. Da ta ga wuraren gini sun fi ƙarfin ma'aikatanta, sai ta koma kama kamfani gaba ɗayansa: a tara laifuffukan kamfani guda daga jihohi da yawa, a zauna da shugabanninsa sau ɗaya. Walmart ne ya fara ɗanɗanawa kan shagunan da yake ginawa, dala miliyan 1 a 2001, sannan miliyan 3.1 a 2004. Home Depot, mai shagunan sayar da kayan gini, ya biya miliyan 1.3 a farkon 2008. Bayan kamfanoni huɗun nan na Yunin 2008 sauran masu gina gidaje suka biyo layi. Hovnanian ya biya dala miliyan 1 a 2010 kan wurare 591, Beazer dala 925,000 a ƙarshen shekarar, Ryland dala 625,000 a 2011, Toll Brothers kuma dala 741,000 a 2012 kan wurare 370 a jihohi 23.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka kai ga sauraron shaidu. Yadda ake yi shi ne, gwamnati ta shigar da ƙara da takardar sulhu rana guda, a ba jama'a kwana 30 su faɗi ra'ayinsu, alƙali ya sa hannu, sulhun ya zama umarnin kotu. Galibi kamfanin ba ya amsa laifi a rubuce. Jihohin da suka shiga ƙarar, kamar Maryland da Virginia masu kishin mashigin ruwan Chesapeake, suna samun kasonsu a tarar.

Tarar dai ba ta taka kara ta karya ba. A raba dala 741,000 ta Toll Brothers a kan wurare 370, kowane wuri zai tashi wajen dala 2,000, alhali kamfanin gidajen masu hannu da shuni yake ginawa. Kamfanoni huɗun 2008 sun sayar da gidaje sama da 124,000 a shekarar 2006 kaɗai, wato tararsu ba ta kai dala 40 kan kowane gida ba. Wanda ya ce irin wannan kuɗin zai tsorata babban kamfani bai faɗi gaskiya ba, kuma masu sukar sulhun suna da hujja a nan.

A ganina ƙarfin sulhun yana cikin sauran shafukansa. An tilasta wa kowane kamfani ya naɗa mutum takamaimai, da sunansa, mai kula da ruwan sama a kowane fili, da wani a samansa a matakin shiyya, da wani a hedikwata. Dole a duba fili kafin a fara aiki, manyan jami'ai su riƙa zagayen sa-ido duk wata uku, a horar da ma'aikata, a kai wa EPA rahoto kowace shekara, kuma saɓa wa sharuɗɗan yana da tasa tarar da aka riga aka yanka. Kafin wannan, ɗan kwangilar haƙa ya ce na mai siminti ne, mai siminti ya ce na mai fili ne, shingen yana kwance. Bayan sulhun akwai wanda za a kira. EPA ta ƙiyasta cewa sulhun 2008 zai hana fam biliyan 1.2 na laka, sama da tan dubu 500, shiga ruwa kowace shekara. Ƙiyasi ne na hukumar da ta yi sulhun, a karɓe shi da wannan sanin.

Wurin da aka gaza shi ne wajen sanya ma'auni. Duk waɗannan sharuɗɗa suna tambayar ko an kafa shinge, ko an cike takarda. Ba sa auna ruwan da ya fita. A ƙarshen 2009 EPA ta fitar da ƙa'ida mai adadi, ta ce gurɓacewar ruwan da ke fita daga manyan filaye kada ta wuce 280 a ma'aunin NTU, mai auna yadda laka ta dagula ruwa. Ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasa ta ƙalubalanci lissafin, hukumar ta amsa cewa akwai kuskure a bayanan da ta dogara da su, ta dakatar da adadin, a 2014 kuma ta janye shi gaba ɗaya. Wannan asara ce babba, domin kamfani zai iya cika kowace takarda alhali rafin da ke bayan filinsa ja wur yake duk lokacin da aka yi ruwa.

Sai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Mayun 2023 a shari'ar Sackett, wanda ya rage fadamun da dokar tarayya ke karewa zuwa waɗanda ruwansu ke haɗe kai tsaye da kogi ko tafki. Filayen bayan gari da ake yanka wa gidaje sau da yawa kusa da irin waɗannan fadamu suke, yanzu kuma kare su ya rataya a wuyan jihohi, waɗanda dokokinsu suka sha bamban. Shari'o'in dai ba su ƙare ba. A 2024 D.R. Horton, kamfanin da ya fi kowa gina gidaje a Amurka, ya amince da tarar dala 400,000 kan wuraren gini a Alabama da Carolina ta Arewa da Carolina ta Kudu, tare da alƙawarin kafa irin tsarin sa-idon da aka ɗora wa takwarorinsa tun 2008.